Larai Mai Rikoda da Muryoyin Matan Masunta

Idan ka sauka bakin ruwa a Yelwa ka tambayi tsofaffin matan da ke bandar kifi wace ce Larai, ba za su ce maka ɗiyar wane ce ko matar wane ba. Za su ce maka Larai Mai Rikoda, ko da yake rikodar ta daɗe da mutuwa. Ni Maliki ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gyaran injin jirgi ne sana'ata. Abin da zan faɗa a kanta, yawancinsa a gabana aka yi.

A kan gungu aka haife ta, ɗaya daga cikin tsibiran da ruwa ya ci lokacin da aka datse kogi a Kainji. Tana ƙarama aka kwashe mu zuwa sababbin gidaje da aka gina a jere, bango na kallon bango. Innarmu ba ta taɓa sabawa da su ba. Ta ce a gungu idan ta yi wa Baba magana, ruwa kaɗai ke ji, amma a nan ko tari ta yi sai maƙwabciya ta aiko da sannu. Larai ta tashi da magana ƙasa-ƙasa, kuma tun muna yara ban taɓa jin ta ɗauki zancen wani gida ta kai wani gida ba. Ba wai shiru-shiru ba ce. Tana da faɗa, tana da dariya mai ƙarfi. Abin da aka faɗa mata ne kawai ba ya fita.

Ta auri Mainasara, masunci, suka zauna a Yelwa kusa da tashar jirgi. A shekarun nan idan kamu ya yi ƙasa a tafkinmu, maza da yawa sukan tafi Baga, bakin Tafkin Chadi, su yi watanni. Saƙo tsakaninsu da gida sai ta bakin direban mota, wanda zai manta rabi, ya baza rabin a wurin mai shayi. Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, Mainasara ya dawo da rikoda baƙa mai cin manyan batura. Ya nuna wa Larai jan maɓallin da ake dannawa a ɗauki murya. Da ya koma, ta cika masa kaset da magana, ta ba direba, bayan wani lokaci ga amsa ta zo da muryarsa, har ana jin iskar Baga a bayansa.

Kafin damina ta zagayo, matan unguwa sun fara zuwa. Wannan mijinta na Baga, waccan ɗanta na Jebba. Kowace ta zo da kaset ɗinta, Larai ta shigar da ita ɗaka, ta nuna mata inda za ta danna idan za ta fara da inda za ta danna idan ta gama, sai ta fito ta ja ƙofa. Sannan ta jawo turmi bakin ƙofar ta kama daka. Ko babu abin dakawa sai ta nemo, ko gero ko busasshen barkono, don kada ita ko wani mai wucewa ya ji abin da ake faɗa a ciki. Idan matar ta fito da jajayen idanu, Larai ba ta tambaya. Ta naɗe kaset ɗin da zare, ta ɗiga masa kyandir, ta miƙa mata. Ba da wannan take ci ba, bandar kifi ce sana'arta. Wadda ta ga dama ta kawo batir, wadda ba ta da shi ta yi godiya ta tafi.

Haka aka yi 'yan shekaru, sai wani mutumin garinmu, Bawa, mai shagon sayar da kaset na waƙoƙi a kusa da kasuwa, ya sanar cewa shi ma yana ɗaukar saƙo. Nasa kyauta ne, har kaset ɗin kyauta, kuma motocin wani babban dillalin kifi za su kai shi Baga su dawo da amsa. Injinsa babba ne mai baki biyu, yana aiki da wuta, murya na fita tas. Mata suka koma can. Larai ba ta ji haushi ba, ta ce baturanta sun huta.

Wata safiya na tashi zuwa Wara gyaran wani inji, ita kuma za ta kai kwandunan banda kasuwa, muka shiga jirgi ɗaya. Jirgin ya cika da mutane da buhuna da awaki. Matuƙin yana da rediyo ɗaure a jikin katako, ya sa wani kaset na kiɗa da ya ce ya saya da araha a wurin Bawa. Mun yi nisa cikin ruwa sai kiɗan ya yanke, aka ji ƙaras, sai muryar mace ta fito. A hankali take magana, kamar mai tsoron a ji ta. Tana faɗa wa mijinta cewa cikin ya zube, ba ta gaya wa uwarsa ba tukuna, ta rasa yadda za ta fara. Sai ta kira shi da wani suna irin wanda mace ke kiran mijinta idan su biyu ne kawai.

Ni da Larai mun gane muryar nan take. Rahamatu ce, yarinyar aure mai kunya da ke banda kusa da Larai. Wasu samari a bayan jirgi suka fashe da dariya, suna maimaita sunan. Wani ya ce matuƙi ya mayar baya a sake ji.

Larai ta miƙe. Ba a miƙewa a jirgin da ya cika haka, sai da ya karkata mutane suka riƙe gefe. Ta taka buhuna ɗaya bayan ɗaya har ta kai wurin matuƙi, ta danna maɓalli, ta zare kaset ɗin ta sa a ƙugunta.

Matuƙi ya ce, "Inna, nawa na. Saye na yi."

Ta ce, "Kiɗan ka saya, ɗana. Wagga magana ba a sayar maka da ita ba. In mun koma Yelwa ka zo in ba ka wani."

Ta juya ta dubi samarin, ta koma wurin zamanta. Har muka isa Wara ƙarar inji kawai ake ji.

Daga baya muka gane abin da ya faru. Duk macen da ta zauna gaban injin Bawa, kaset biyu ke juyawa, ɗaya nata, ɗaya nasa. Amsoshin da ke dawowa daga Baga ma sai ya kwafe su kafin ya miƙa. Waɗanda aka gama da su yakan ɗora kiɗa a kansu ya sayar, sai wannan kiɗan ya ƙare bai rufe maganar duka ba.

Da muka dawo, kafin ta shiga gidanta sai da ta je wurin Rahamatu. Ta ba ta kaset ɗin a hannu, ta faɗa mata komai. Rahamatu ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Yaya, don Allah kada sunana ya fita a bakinki." Larai ta yi mata alkawari. Amma jirgi guda ya riga ya ji, cikin kwanaki kaɗan yara na kiran sunan nan a kan hanya. Uwar mijinta ta ji labarin ɓarin a bakin rijiya. Rahamatu ta daina fitowa bakin ruwa, murhun bandarta ya yi sanyi.

Ni a ganina aikin mai sauƙi ne. Na ce wa Larai ta karɓo kaset ɗin, mu tara mata a sa musu su ji da kunnensu, a ranar kowa zai bar shagon Bawa.

Ta ce, "Maliki, kana so in yi mata abin da aka yi mata a jirgi, wannan karon da hannuna?"

Na ce to da me za ta shawo kan mutane. Ta ce da baki.

Ta fara da matan wurin banda, kuma ba ta ji da daɗi ba. Duk sun san abin da ya sami Rahamatu, amma sun ɗauke shi tsautsayi, wasu ma sun ce ita ta jawo, wa ya ce ta zuba irin wannan magana a inji. Wadda ta fi kowa tsayawa kan haka ita ce Zuliha, ƙawar Larai tun ƙuruciya, mace mai baki, wadda in ta karkata mata da yawa ke bin ta.

Zuliha ta ce, "Ke Larai, mi nike da shi da za a saurara? Ni ba matar gwamna ba. Akuya ta haihu, ɗaki na yoyo, a gaida mutanen Baga. In Bawa na son jin wanga, Allah shi ba shi kunne."

Mata suka yi dariya. Larai ma ta yi, ta ci gaba da juya kifinta. Ba ta sake tayar da zancen ba sai bayan kwana biyu, da suka rage su biyu suna ɗaure kwanduna. Ni ina gefe ina kwance wata farfela.

Larai ta ce, "Kwalekwalen marigayi mijinki, har yanzu yana nan?"

Zuliha ta ce, "Na sayar. Yaron Alhaji dillali ya zo ya taya, ina cikin matsi, na sallama."

"Kin yi shela za ki sayar?"

"Ina fa. Ɗana kaɗai na shawarta."

"A ina kika shawarce shi?"

Zuliha ta dube ta. Igiyar da ke hannunta ta tsaya. Can ta ce a cikin kaset ɗin har ta faɗa wa ɗan nata iyakar abin da za ta iya karɓa in an matsa mata, kuma daidai nan mai tayin ya tsaya, bai ƙara ba, bai rage ba. Larai ba ta ce kin gani ba. Ta ce ita ma ba ta da tabbas, amma Zuliha ta tambayi wasu ko sun ga irin wannan.

Da aka fara tambaya, sai ga shi kowa na da nasa. Wata ta faɗa wa mijinta za ta kai banda Kontagora saboda can ya fi tsada, da ta je tasha aka ce motar ta cika. Wasu masunta a Baga sun aiko wa iyalansu cewa sun haɗa kai za su ɗauki mota ɗaya su kai kifinsu kudu da kansu, kafin su shirya an riga an ja direban gefe. Wata kuma ta yi ƙorafi kan awon yaran dillali a cikin saƙonta, mako na gaba suka ƙi sayen nata. Kowace ta ɗauka rashin sa'arta ne ita kaɗai.

Duk da haka abin bai tafi da sauri ba. Wasu suka ce kishi ne, an ƙwace mata jama'a. Da ta ji haka sai ta fitar da rikodar daga ɗakinta ta ce duk mai so ta ɗauka ta kai gidanta ta yi, ba sai ta tako gidan Larai ba. Rikodar ta yi ta yawo gida-gida har murfinta ya karye, aka ɗaure shi da roba. Wasu kuma suka ce sun ji, amma wa zai kai musu saƙo Baga in ba motocin dillali ba. Larai ta yi ta sintiri tasha har ta sami wani dattijon direba mai zuwa Maiduguri da ya yarda ya riƙa karɓa a ɗaure ya kai a ɗaure.

Maza sun fi wuya. Waɗanda ba su tafi ci-rani ba sukan zauna a inuwa kusa da rumfata suna gyaran kalli, wato ragar kamun kifi, kuma a ganinsu wannan zancen mata ne. Wata rana Larai ta kawo mini abinci, ta durƙusa ta gaishe su, sai wani dattijo a cikinsu ya tsokane ta.

Ya ce, "Mai Rikoda, an ce kin hana mata magana."

Ta ce, "Baba, ban hana ba. Amma in tambaye ka, a ina kake kafa gurarka bana? Na ga tarwaɗarka ta fi ta kowa."

Gura tarkon kifi ce da ake nutsarwa cikin ruwa, kuma babu masuncin da ke faɗin inda ya kafa tasa. Dattijon ya yi murmushi ya ce ko ɗan cikinsa bai sani ba.

Ta ce, "Laifi kake yi a wurin?"

"Wane irin laifi? Abincina na."

"To mu ma ba laifi muke faɗa wa mazanmu ba. Kuma Baba, da gurar mutum ɗaya aka gano da da sauƙi. Wanga mutum ya san inda gurar kowa take, daga Yelwa har Baga, mu kuwa ba mu san komai nasa ba."

Da ta tafi sun daɗe suna zancen. Da yamma dattijon ya tambaye ni ko matar ɗansa ma can take zuwa.

Kusan shekara aka yi a haka. Ranar da abin ya zo ƙarshe, Zuliha ce ta shige gaba. Da hantsi mata suka bar murhunsu suka tafi wurin Sarkin Jirgi, dattijon da ke sasanta rigimar bakin ruwa, maza suka biyo baya. Ya aika aka kira Bawa. Bawa bai musa ba, bai kuma nuna ya ji kunya ba. Ya ce bai shiga gidan kowa ba, su suka zo da ƙafarsu. Ya ce yana ajiye na biyu ne don kada na farko ya ɓace a hanya. Da aka matsa masa ya ce dillalin da ke saya masa kaset ɗin yana kuma ba da mota, in ya ce zai saurara, wa zai hana shi. Na ji wasu a bayana suna cewa ai maganarsa da ƙamshin gaskiya.

Sarkin Jirgi ya dubi Larai. Ta ce tambaya ɗaya gare ta.

"Bawa, ka taɓa faɗa wa mace ɗaya, kafin ta buɗe baki, cewa wani zai ji?"

Ya ce ba wadda ta tambaya.

Ta ce, "To yau an tambaya."

Sarkin Jirgi ya sa aka je shagon aka kwaso abin da ke ciki. Ban zaci yawansu ya kai haka ba. Kwalaye ne aka yi ta jerawa a ƙasa, na mutanen Yelwa, na tungayen da ke bakin tafki, har da na wajen Ngaski da Shanga, don labarin kyauta ya kai can. Babu suna a jikin ko ɗaya, sai wasu alamomi da Bawa kaɗai ya gane.

A nan ne rigimar ta juya. Wani ya ce a kawo rediyo a riƙa sawa ɗaya-ɗaya, kowa ya gane nasa ya ɗauka. Mutane suka ce haka ne. Har an aiki wani ya ɗauko rediyon. Na dubi fuskoki, na ga wasu nasu suke nema, wasu kuwa kunnensu ne ke ƙaiƙayi. Zuliha da kanta ta ce tana so ta ji ko nata na ciki, don ta san a kan me take fushi.

Larai ta je ta zauna a kan babban kwalin. Ta gyara mayafinta ta ce ba za a kunna ko ɗaya ba.

Aka yi ca a kanta. Wata ta ce wa ya naɗa ta sarauniyar kaset. Wani ya ce ai hujja ce, in an lalata me za a nuna. Matan da ta yi shekara tana bi gida-gida su ne yanzu ke mata tsawa. Ta bari sai da suka lafa.

Ta ce, "Kafin ki kai ga naki sai kin ji na mutum nawa? Akwai na matan Shanga a nan, ba su zo ba, ba su san ana yi ba. Akwai na waɗanda suka rasu. Da Bawa da ubangidansa su biyu suka ji, muka taso musu. Yanzu mu za mu ji mu ɗari?"

Zuliha ta ce, "To mu bar su haka nan?"

"Mu ƙone."

Wasu suka ce asara ce, kaset lafiyayye, a goge a raba. Larai ta ce wanda aka ji a jirgi ma gogewa aka ce an yi. Sarkin Jirgi ya ja gemu, sannan ya ce ita ta tayar da maganar, a bi nata. Muka kwashe kwalayen muka kai wani rami nesa da wurin banda don kada hayaƙin ya taɓa kifi. Ni na kawo fetur daga rumfata. Baƙin hayaƙi ya tashi, warin roba ya kwana biyu a unguwa. Larai ba ta bar wurin ba sai da ta tona tokar da sanda ta ga babu zaren da ya tsira. Zuliha ta yi mako ba ta yi mata magana ba, daga baya ta zo aron gishiri suka ci gaba.

Abin bai tafi mata a banza ba. Yaran dillalin suka daina sayen bandarta, su ne kuwa manyan masu saye a lokacin. Shekaru ta yi tana ɗaukar kwandunanta zuwa Wara da Kontagora da kanta, kuma ciwon bayan da take fama da shi yanzu daga nan ya samo asali. Da Mainasara ya dawo ya ji, ya yi faɗa kwana ɗaya, ya ce ta tsokano wanda ya fi ƙarfinsu. Washegari ya je ya sayo mata sabon murfin rikoda. Bawa ya ci gaba da sayar da kiɗansa, kuma wasu mata sun koma ɗaukar saƙo a wurinsa, don har yanzu injinsa ya fi. Sai dai yanzu mace kan ce ya buɗe ɗaya bakin ta gani babu komai a ciki, ya kuma fita waje. Rahamatu ta dawo bakin ruwa bayan mijinta ya zo ya zauna damina guda a gida. Ba ta sake yin magana a inji ba har aka daina kaset.

Da wayar salula ta iso Yelwa, Larai ta riga ta manyanta, amma tana cikin matan farko da suka kafa lema da teburi ana biya a yi kira. Ba ta iya karatu ba, amma ta koyi lambobi, ta kuma sa aka nuna mata inda ake goge lambar da aka kira. Teburinta yana can gefe, nesa da masu shayi. Idan ka gama kira sai ta riƙe wayar a gaban idonka ta goge, ko ka nema ko ba ka nema ba. Maza sun sha zuwa suna lallashinta ta faɗa musu wa matarsu ko ɗiyarsu ta kira. Amsarta ɗaya ce, ka koma gida ka tambaye ta. Wata Christiana, matar wani malamin makaranta a Wara, da za ta kafa tata lemar sai da ta hau jirgi ta zo ta yini a wurin Larai tana kallon yadda take yi.

Wata shekara aka kira ni Shanga duba injin ban-ruwa. Ranar kasuwa ce, na tarar da wasu samari sanye da riguna iri ɗaya sun kafa rumfa da kwamfuta da janareta. Suna cewa duk wanda ya ba da lambar wayarsa da ta mutanen gidansa, aka ɗauki hotonsa, za a ba shi katin waya kyauta, kuma sunansa zai shiga cikin waɗanda za a taimaka wa. Layi ya yi tsawo. Sai wata mata mai tallan daddawa, wadda ban taɓa gani ba, ta sauke tirenta ta tambaye su wa zai ga hoton, a ina za a ajiye shi, kuma in ta fasa za su goge. Saurayin ya ce Inna ai kyauta ce. Ta ce ta ji, amsar take jira. Ya kira babbansu, shi ma ya yi ta zagaye. Matar ta ɗauki tirenta ta wuce, wasu suka fita daga layin suka bi ta, wasu suka tsaya.

Na bi ta na sayi daddawar da ba na buƙata, na tambaye ta inda ta koyi wannan tambaya. Ta ce innarta ce ke faɗa musu, wai a zamanin kaset an taɓa yin wata mata a Yelwa da ta zauna a kan kwali ta hana gari guda sauraron maganar mutane. Ba ta san sunanta ba. Na ce mata sunanta Larai, kuma ni ƙanenta ne. Ta ƙara mini daddawa biyu.

Da na dawo na tarar da yayata a tsakar gida tana tsince warangi, ƙananan kifin nan na tafkinmu, idonta dab da faifai don ganinta ya ragu. Na ba ta labarin duka. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni ko waɗanda suka tsaya a layin sun fi waɗanda suka fita yawa. Na ce sun fi. Ta ce to in zan koma Shanga in faɗa mata da wuri, tana da dangin miji a can da ta daɗe ba ta gaisar ba, kuma in nemo mata wuri a gaban mota saboda bayanta.